ARZIKIN ƘASAR KANO: ABIN DA KE KAWO MASU JARI DA ABIN DA KE KORARSU

Ya kai manomi, dominka aka rubuta wannan takarda. Ka karanta ta a tsanake, in kuwa kana da maƙwabci wanda bai iya boko ba, ka karanta masa da maraice bayan an taso daga gona.

In ka fita daga birnin Kano ta hanyar Zariya, ko ta Haɗeja, ko ta Katsina wajen Dawanau, za ka ga injunan casar shinkafa, da manyan ɗakunan ajiya, da motoci jere suna jiran lodi. Masu waɗannan wurare waɗansu 'yan ƙasa ne, waɗansu kuwa baƙi ne daga Lebanon da Indiya da Sin. Su a ke kira masu jari, watau mutanen da su ke zuba dukiyarsu cikin wata sana'a yau domin su sami riba gobe.

Watakila ka ce, "Ina ruwana da su? Ni da fartanyata na sani." To, ruwanka da su babba ne, gama yawancinsu abin da ke fitowa daga gonarka da garkenka shi ya kawo su. Ka sani kuma irinsu sun taɓa zuwa ƙasar nan, suka yi zamaninsu, suka tashi. Wanda ya san abin da ya kawo na farko da abin da ya kore su, shi zai san yadda zai ci amfanin na yanzu ba tare da ya cutu ba.

1. KAFIN ZUWAN TURAWA

Kano ba yau ta fara ciniki ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A shekarar 1851 wani matafiyi mutumin Jamus mai suna Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Kano, ya rubuta abin da ya gani. Abin da ya fi yabawa shi ne tufafi. A nan a ke saƙa su, a nan a ke rina su, fatake su kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus.

Dubi hannuwan da ko wace riga ta bi. Manomi ya shuka auduga da baba. Mata suka gurza, suka kaɗa zare. Masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi kamar na Ƙofar Mata da na Kura, mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi, sa'an nan falke ya ɗora wa jaki ko raƙumi. Haka kuma fata, daga makiyayi zuwa mahauci, daga majemi zuwa baduku. Gaskiya ne, aiki mai yawa a manyan gandaye bayi ne suka yi shi a rinji, wannan kuwa ba abin yabo ba ne. Amma darasin yana nan: ko wace sana'a ta birni saiwarta tana ƙauye. Birni kuma ya kan rama alheri, gama da rani jakuna su kan fita da mangalar taki zuwa gonakin da ke kewaye da gari. Shi ya sa a ke noma su shekara da shekaru ba hutu, ba su kuwa mutu ba.

2. JIRGIN ƘASA DA GYAƊA

Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. Abin da su ke ɗoki a lokacin nan auduga ne, domin masaƙun ƙasarsu, da fatan samunta kuwa aka ja hanyar jirgin ƙasa. Ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga kaya a 1912. Dā ayarin raƙuma ya kan yi wata da watanni kafin ya kai Tarabulus. Sai ga jirgi yana kai kaya bakin teku a Ikko, tafiyar wajen mil 700, cikin 'yan kwanaki.

Amma manomin Kano ya yi nasa lissafi. Audugarsa masaƙan gida sun fi Bature saye da daraja. Gyaɗa kuwa a daidai lokacin nan Turai na bukatar manta ƙwarai, domin an gano hanyar daskarar da shi a mai da shi kamar man shanu, ga kuma sabulu. Gyaɗa tana son jigawa irin ta Kano, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce. In shekara ta ɓaci a ci ta, auduga kuwa ba ta ciwuwa. Ba wanda ya tilasta masa, ya duƙufa a kan gyaɗa. A 1912 wadda aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta wuce tan 19,000.

Baturen kanti bai san ƙauye ba, ɗan ƙauye kuma bai san Bature ba. Waɗanda suka haɗa su su ne fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka daɗe suna zuwa Gwanja. Sun san hanya, suna da yara, an kuma amince da su. Kamfani ya ba su kuɗi, su aika da yaransu ƙauyuka su sayo. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya fara saya wa Kamfanin Neja a 1918, ya rasu a 1955. Aka ƙara jan hanyar jirgi zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930. Duk inda jirgi ya tsaya sai kanti da sikeli su biyo.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gyaɗa ta yi yawa har jirgi ya kasa kwashe ta a kan lokaci. Sai aka riƙa jera buhuna ana yin tsibi mai tsini, shi ne dalar gyaɗa. Dala ɗaya ta kan ci buhu wajen 15,000. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya duka.

Amma tun farkon cinikin nan an sami gargaɗi biyu. Damunar 1913 ruwa ya ɗauke, aka shiga yunwar nan ta 1914 da a ke kira Kakalaba. Wanda ke da sulalla a aljihu amma rumbunsa wayam, ya tarar hatsi ya fi ƙarfin sulallansa. Sa'an nan bayan 1929 kasuwar duniya ta faɗi, kuɗin gyaɗa ya karye, haraji kuwa yana nan yana jira.

3. YADDA DALA TA RUSHE

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa huɗu suka taru a kan gyaɗa.

Na ɗaya, farashi. A 1949 Gwamnati ta kafa hukumar sayen gyaɗa, ita kaɗai ke da ikon fitarwa waje, ita kuma ke yanka farashi. Ta kan biya manomi ƙasa da abin da ta ke samu a Turai, ta riƙe saura. An yi ayyukan jama'a da waɗansu kuɗin, amma manomi ya ga wahalarsa ba ta biya, gwiwarsa ta yi sanyi. Sai a 1986 aka rushe irin waɗannan hukumomi.

Na biyu, fari, wanda ya tsananta a 1973.

Na uku, cuta. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta faɗa wa gonakin Arewa, ta halaka wajen hekta 700,000. Hekta ɗaya kuwa eka biyu da rabi ce. Mutane da yawa ko iri ba su fitar ba.

Na huɗu, kuɗin man fetur. Da suka shigo a shekarun 1970, samari suka bar gona suka tafi birni neman albashi, Gwamnati kuma ta daina dogara ga amfanin gona.

Kafin ƙarshen shekarun nan fitar da gyaɗa zuwa Turai ya tsaya, filayen dala suka zama kango. Har yanzu ana noma gyaɗa da yawa, amma a gida a ke cinye ta, a yi mai da ƙuliƙuli da abincin dabbobi.

4. MASANA'ANTUN BIRNI

Kuɗin gyaɗa su suka haifi masana'antu. Daga shekarun 1950 aka keɓe Bompai domin injuna, daga baya aka ƙara Sharaɗa da Challawa. Aka kafa injunan matsar mai, da masaƙu, da majemu, da wuraren yin sabulu da turare da alewa da langa da takalman roba. Dubban mutane suka sami aiki, Kano ta zama ba ta da na gaba wajen masana'antu sai Ikko.

To, daga 1986, da darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da a ke sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, ko wane kamfani sai ya sayi injin wuta da man dizal. Auduga ta ragu a gona. Atamfa mai araha daga Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ma'aikatansu suka koma acaba da tireda. Harin da aka kai birnin a watan Janairu na 2012 ya ƙara tsorata baƙi, gama dukiya ba ta kwana inda babu zaman lafiya. Waɗanda suka fi jurewa su ne majemu da masu roba da masu sarrafa abinci.

5. RUWAN TIGA, SHINKAFA DA TUMATIR

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamnanta na farko kuwa, Audu Bako, ya mai da hankali ga tare ruwa. Aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Daga Tiga ruwa ya ke gangarowa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ba da inji ba. Da farko alkama aka yi nufi, amma manoma suka fi karkata ga shinkafa da tumatir da albasa da masara. Mutumin da dā ya ke tafiya cin rani ya sami abin yi a gida wata goma sha biyu. Sai dai mutanen Haɗeja da Nguru da ke ƙasan kogi sun ga canji, ambaliyar da ke jiƙa fadamunsu ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa.

Wannan ruwa shi ya jawo sababbin masu jari. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya daina sayar da kuɗin waje ga masu shigo da kaya iri 41, har da shinkafa da tumatirin gwangwani. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 aka rufe iyakokin ƙasa. Shinkafar gida ta yi daraja, injunan casa manya da ƙanana suka yawaita a Kano. Amma a 2023 aka janye waccan doka ta banki, a 2024 kuma aka ɗage kuɗin fito na ɗan lokaci a kan waɗansu kayan abinci. Ka lura da wannan: ƙofar da Gwamnati ta rufe yau tana iya buɗe ta gobe. Abin da zai tsare shinkafarka shi ne eka ɗaya ta ba da buhu da yawa, shanshera kuma ta zama mai tsabta.

Labarin tumatir ya fi ko wane koyarwa. A watan Maris na 2016 kamfanin Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata, ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa, wadda za ta iya cin tan 1,200 a rana. Ba a daɗe ba tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki, kwandon tumatir ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, inji ya tsaya. A shekarun da suka biyo ta yi ta buɗewa tana rufewa. Bayan tsutsa akwai batun farashi. In tumatir ya yi tsada a Ikko manoma su kai can, in ya yi kwantai su tuna da kamfani.

Zo mu yi lissafi. Mu ƙaddara mota ɗaya tana ɗaukar tan 30. Injin nan yana bukatar mota 40 kullum. Mu ƙaddara kuma hekta ɗaya tana ba da tan 10. Ke nan kullum sai ya cinye amfanin hekta 120, cikin kwana 100 kuwa na hekta 12,000. In da hekta za ta ba da tan 30, da hekta 4,000 sun isa, da kuma manomi ya sayar da sauƙi ya ci riba. Ka gani, ƙarfin inji ba ya wuce ƙarfin gonar da ke ciyar da shi.

6. ABIN DA MAI JARI KE DUBAWA

Kafin mai jari ya aza tubali, tambayoyi biyar ya ke yi.

Akwai kaya? Watau isasshe, mai kyau, ko wace shekara. Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985, tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Daga nan riɗi ke tafiya Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo kuma Meziko.

Akwai hanya? Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano. A Janairu 2023 aka buɗe tashar kaya ta tudu ta Dala a Zawaciki, domin ɗan kasuwa ya gama da 'yan kwastan a nan gida. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

Akwai wuta? Nan ne Kano ta fi rauni. Domin haka aka fara shimfiɗa bututun iskar gas mai kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano a 2020.

Akwai masu saye da masu aiki? A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen miliyan 9.4 a Jihar Kano, ban da 'yan kasuwar Nijar da Cadi da Kamaru da ke zuwa sari.

Akwai amana da zaman lafiya? In an yi alkawari za a cika?

Hanya da wuta aikin Gwamnati ne. Kaya da aiki da amana kuwa a hannunka su ke.

7. MA'AIKATA

Masu aikin ƙasar Kano iri-iri ne. Ga manoma da 'yan ƙodago. Ga 'yan cin rani da ke zuwa daga ƙauyuka da Nijar bayan kaka. Ga 'yan dako da direbobi da dillalai. Ga mata, waɗanda aikinsu ya ke ɓoye a cikin gida amma ya ke da yawa: turara shinkafa a Kura, tsince riɗi da zoɓo, matsar mai da tuyar ƙuliƙuli.

Yawan hannu alheri ne, amma injin zamani ba ƙarfin ƙirji ya ke nema ba. Babban injin casa mutane kaɗan ke tafiyar da shi, su ne mai gyaran lantarki, da mai walda, da makaniki, da mai auna laimar hatsi, da akawu. In ba a same su a gida ba sai a ɗauko daga nesa, su karɓi albashi mai tsoka, ɗan gari kuwa ya tsaya a dako, a biya shi a kan buhu, ranar da babu mota babu kuɗi. Bambancin su biyun karatu ne da koyon sana'a.

8. ABIN DA KE WUYANKA

Na farko, rumbu kafin kasuwa. Kada tsadar riɗi ko shinkafa ta sa ka bar gero da dawa da wake. Ka fitar da abincin shekara tukuna, sa'an nan ka sayar da saura. Ka tuna Kakalaba.

Na biyu, iri. Ka nemi iri mai kyau ta hannun Malamin Gona. Cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin gyaɗa masu jure kuturta, kamar SAMNUT 24, mai nuna da wuri. Ka shuka da farkon damuna, ka cika gona kada ta yi sarari, gama darɓa ta fi faɗa wa shukar baya da wadda ta yi tazara.

Na uku, tsabta. Kada ka zuba yashi ko tsakuwa ko ruwa domin buhu ya yi nauyi. Mai inji yana da sikeli da rariya da ma'aunin laima. In ya kama buhu ɗaya sai ya rage kuɗin ƙauyen duka, ko ya koma wani gari. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Na huɗu, shanya. Gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba su kan yi fumfuna, fumfunar kuwa tana da dafi mai suna afalatoksin, wanda ke lalata hanta. An gano shi ne bayan 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Tun daga nan ƙasashen waje ke auna shi. Ka shanya a kan tabarma ko tamfol, ka tsince ruɓaɓɓu, ka ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Ruɓaɓɓun kuma kada a ba yara ko kaji.

Na biyar, maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an sami maganin ƙwari irin na fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima. Mutane kaɗan suka zuba, ƙasa duka ta rasa kasuwa. Kada ka zuba fiya-fiya cikin abin da za a ci. Ka yi amfani da buhu mai ninki uku ko duro mai murfi, ka ɗaure kam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu.

Na shida, fata. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi tun dā ta yi suna, har Turawa na kiranta fatar Maroko domin ta can ta ke bi. Ƙirgin shanu yawanci ganda a ke yi da shi, saboda haka majemun Challawa da Sharaɗa ga awaki da tumaki su ke dogara. Kada ka yi wa dabba lalas a gadon baya ko haƙarƙari. Ka yi mata maganin kaska da ƙazuwa. Wajen fiɗa a bi a hankali kada wuƙa ta huda, a sa gishiri nan da nan, ko a shanya a inuwa, ba a ƙasa cikin rana ba.

Na bakwai, alkawari. In kamfani ya ba ka iri da taki bashi a kan za ka sayar masa, kada ka sa hannu sai an karanta maka takarda a gaban shaidu. Ka tambaya: nawa ne farashi, yaushe za a yanka shi, wa zai auna, kwana nawa kafin a biya, yaya za a yi in fari ko tsutsa ta ci gona? In ka yarda, to, ka cika, gama kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In ba ka yarda ba, ka ƙi tun farko. Ku shiga a ƙungiya, ku riƙe naku sikeli, domin muryar mutum hamsin ta fi ta mutum ɗaya, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Na takwas, gona. Birni yana faɗaɗa, masu neman fili suna yawo da kuɗi. Kuɗin gona su kan ƙare cikin shekara guda, gona kuwa tana ciyar da jikoki. In ya zama tilas, ka fara duba haya ta shekaru ƙididdigaggu, a rubuce, da sanin mai unguwa da dagaci da magada. In ka sayar, ka sayi wata kafin kuɗin su narke.

Na tara, yara. Ka sa su makaranta, maza da mata. Wanda ya nuna basirar hannu ka kai shi koyon lantarki ko walda ko gyaran famfon ban ruwa. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, da Jami'ar Bayero a birni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ya kai manomi, ka ji yadda kakanninka suka zaɓi gyaɗa da lissafinsu, suka jawo kamfanonin Turai har ƙofar gida, ka kuma ji yadda aka yi asararta. Masu jarin yau ma lissafi su ke yi. In sun sami kaya mai tsabta, da ma'aikata masu sani, da mutane masu cika alkawari, za su zauna, 'ya'yanka su sami aiki. In ba su samu ba, za su kulle ƙofa su tafi kamar na dā. Kai ma ka yi naka lissafi kafin damuna ta faɗi. Abin da ya shige maka duhu, ka tambayi Malamin Gona na yankinku.

TAMBAYOYI

1. Don me manomin Kano ya zaɓi gyaɗa ya bar auduga a 1912?
2. Faɗi abubuwa huɗu da suka rushe dalar gyaɗa.
3. Inji yana cin tan 1,200 a rana. In hekta tana ba da tan 20, hekta nawa zai cinye cikin kwana 100?
4. Me ya sa Tarayyar Turai ta hana waken Nijeriya a 2015? Yaya za ka ajiye naka ba da magani ba?
5. Waɗanne tambayoyi za ka yi kafin ka karɓi bashin iri da taki?